Ɗan Kakarsa

Shekarar da aka buɗe muntaza a bayan unguwarmu a Gadarif, ƙaramar salla ta faɗo daidai bayan yankan riɗi, aljihun kowa da ɗan nauyinsa. Muntaza dai lambu ne aka kewaye da shingen ƙarfe, aka shuka ciyawa, aka kakkafa lilo da wasu ƙarafa masu juyawa, wai don iyali su je su sha iska. A garin da muke sayen ruwa a ganga wurin masu amalanken jaki, ciyawa ce ke sha safe da yamma. Ban yi tsegumin wannan a lokacin ba, domin ni ma so nake in taka ta da tafin ƙafata.

Yayana Harisu ne ya kawo maganar zuwa. Dawowarsa ke nan daga Simsim, inda ya yi damina yana tuƙa tarakta a gonakin wani attajiri. Ya yi baƙi, ya rame, sai idanu da haƙora. Ya ɗinko wa kansa farar jallabiya, ya sayo wa Inna sabon tob mai ruwan zuma, irin mayafin nan da matan ƙasar ke naɗewa da shi tun daga kai har idon sawu. Ni ya miƙa wa ya ce in ba ta, ni kuma ya gaya wa maganar muntaza ya ce in isar. Haka gidanmu yake, ni ce wayar da ke tsakaninsu, alhali suna zaune a tsakar gida ɗaya.

Dalili kuwa, Harisu ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Larabawan da muke maƙwabtaka da su, da sunan ɗan fari ake kiran mace, tana jin an ce Um wane, wato uwar wane, sai ka ga ta ƙara faɗi. Mu kuwa cikin kayan da kakanninmu suka ɗauko daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji, suka yada zango a nan zangon ya zama gida, har da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce nata ne. Maƙwabta su ce Um Harisu, Inna ta yi kunnen uwar shegu. Su ce Um Asiya, ta amsa tun kafin su rufe baki, Asiya kuwa ita ce autarmu. Sunan Harisu a bakin Inna shi ne wancan. A ajiye wa wancan tuwo. Wancan ya dawo?

Ranar da aka yaye shi, kakarmu ta wajen uba, Habboba Hannatu, ta goye shi ta tafi da shi bukkarta, can ya girma. Baba ya rasu, kakar ma ta bi shi, sai Harisu ya naɗe tabarmarsa ya dawo gidan uwarsa, ga shi da gemu, yana sallama kafin ya sha ruwan randa. Sa'o'in Inna da yawa sun sassauta wannan al'ada, wasu ma sun jefar da ita gaba ɗaya. Inna ba ta sassauta ko da ƙwayar riɗi ba.

Kada wani ya ce ba ta son sa, ni ce shaida. In damina ta yi nisa, baƙar lakar nan tamu ta riƙe motocin Simsim, labari ya yanke, Inna ba ta iya cin abinci. Sai ta tsiri fita bakin ƙofa wai tana duba ko awaki sun dawo, awakin kuwa suna ɗaure a bayanta. Amma an ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar Inna kuwa in Harisu na wurin a rufe take ruf. Shi kuma a cikin 'ya'yan Larabawa ya yi makaranta, ya ga yadda uwa ke rungume ƙaton ɗanta a tsakiyar kasuwa tana sumbatar goshinsa. Ya san al'adarmu sarai, sanin bai hana ta ci masa rai ba.

Ranar jajiberin salla ya same ni ina wanke-wanke a bayan ɗaki, ya tsuguna kusa da ni.

"Mudi ya samo mini aiki a Fau," ya ce. Mudi abokinsa ne, direban lori. "Ba na damina kaɗai ba, na dindindin, har da ɗaki. Kashegarin zuwanmu muntaza lorinsa zai tashi."

"To mu fa?"

"Zan riƙa aiko muku. Amma in ta ce in zauna, shi ke nan, na zauna. Kalma ɗaya, Ummuhani. Ba sai ta ce Harisu ba ma, ta dai dube ni ta ce zauna."

Na kai wa Inna maganar yadda ya faɗe ta, ban rage ba ban ƙara ba. Tana kaɗa miya, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wane ni in hana ɗan mutane neman abincinsa?" Miyar ranar sau biyu ta zuba mata gishiri, muka ci haka nan ba wanda ya tanka.

Ni na san abin da ya sa ya zaɓi muntaza. Ya ji ana cewa akwai mai ɗaukar hoto a ciki, abokansa sun kai iyayensu mata an ɗauke su kafaɗa da kafaɗa a gaban furanni. Yana ganin in aka fita daga tsakar gidan nan, inda idon tsofaffin unguwa ke leƙowa ta kan dangar kara, wataƙila bakin Inna ya saki. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka na yi zato.

Ranar salla bayan la'asar muka shiga raksha, keken nan mai ƙafa uku, mu huɗu, Asiya a kan cinyata tana ta zillo. Inna ta naɗe da sabon tob ɗin, wannan kaɗai ya isa ya sa Harisu murmushi tun daga gida har bakin titi. Mun soya kaji, mun cika fulas da shayi, ga dabino, ga tabarma.

Bakin ƙofar muntaza kamar ana rabon sukari. An rataye allo da Larabci cewa kwanakin salla na iyali ne kawai, saurayi shi kaɗai ba ya shiga. Su kuwa samarin sun yi dafifi a jikin shinge, kowa ya sha turare ya taje kai, suna fakon tsofaffi. Da zarar wata dattijuwa ta doso, sai ka ga ɗaya ya maƙale mata, ya karɓi jakarta yana ce mata yumma, wato uwata, don a ɗauka tare suke. Mai gadin, wani dogo mai gashin baki da 'yar sanda a hammata, ya gano wayonsu, ya daina tambayar samari, matan yake tambaya.

Harisu ya tsaya sallamar mai raksha da sauke kaya, mu muka riga shi isa. Muna tsallake ƙofa sai ga shi da tabarma a kafaɗa, fulas a hannu ɗaya, kwanon kaji a ɗayan. Mai gadi ya gitta masa sanda a ƙirji.

"Ina zuwa, ya zol?" ya ce, wato kai malam.

"Tare muke. Ga su nan."

Mai gadi ya juya wajen Inna, cikin ladabi kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Da waladik, ya Hajja?" Wato, wannan ɗanki ne?

Na san abin da ke tafe. Da a unguwa ne, da wata tsohuwa ta amsa a madadinta an wuce wurin. Nan kuwa babu kowa namu, sai mata baƙi a bayanmu suna turowa, da samari sun zuba mata ido. Inna ta dubi ƙasa, ta ba da amsar da take bayarwa tun yana cikin zanen goyo, amsar da a cikin Hausawa kowa ke jin ta ya yi dariya ya gane.

"Walad habbobtu," ta ce. Ɗan kakarsa ne.

Mai gadi bai san wannan karatun ba. Ya kwashe da dariya ya ce, "To ai shi ke nan. Je ka zo da kakar taka ta shigar da kai." Samarin suka ɗauka, har da masu tafi. Habboba Hannatu kuwa ciyawa ta riga ta fito a kan kabarinta.

Na yi tsalle na dire a tsakaninsu. Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a dubi hancinmu ma. Na ce al'adarmu ce haka, mace ba ta faɗin ɗan fari. Mai gadi ya ce tun safe 'yan mata ke rantse masa cewa samarinsu yayyensu ne, shi bai taɓa jin al'adar da uwa ke musun ɗanta ba, kuma ba da ni yake magana ba, ga babba a tsaye. Na juya wajen Harisu don ya sa baki, ya ce wani abu, ya yi faɗa ma in ya so. Bai dubi mai gadin ba sam, Inna yake kallo.

"Sake tambayarta," ya ce a hankali.

"Me?"

"Ka sake tambayarta, don Allah. Wataƙila ba ta ji ba."

Mai gadi ya ɗaga kafaɗa, ya sake tambaya, wannan karon da ƙarfi yadda ake yi wa kurma. Na ga leɓen Inna yana motsi. Sai ta ja gefen sabon tob ɗin ta rufe bakinta, ta kama hannun Asiya, ta juya ta yi cikin lambu.

Harisu ya sauke tabarmar ya ɗora mini a kafaɗa, ya miƙo fulas da kwano ta saman sandar.

"Ku shiga," ya ce. "Asiya ta sa rai."

"Wallahi ba inda za ni. Mu koma gida gaba ɗaya."

"Ummuhani, ki bi ta. Ba ta san wurin ba, za ta ɓata."

Ko a wannan halin ita yake tunani, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ciki dai ga shi nan yadda aka faɗa. Ciyawa shar, masu gugguru da masu dandurma, wato askirim, suna kai da kawo, yara sun yi layi a gaban lilo. A wani keji an saka biri guda, ya juya wa jama'a baya yana cire ƙwarƙwata, ban ga wanda ya fi shi hankali a wurin ba. Can tsakiya ga sagiya, ƙaton gammon ƙarfe mai kujeru da ke ɗaga mutane sama ya sauko da su. Ko'ina ka juya mata ne ke ƙwala wa 'ya'yansu kira, ya wane zo nan, ya wane sauko kada ka faɗi. Ban taɓa lura da yawan sunayen da ke bakin iyaye mata ba sai ranar.

Inna ta wuce inuwa mai kyau har biyu, ta je ta zaɓi gindin wani ɗan dogon yaro da ko inuwar kirki bai yi ba, kusa da shinge. Da na shimfiɗa tabarma na gane dalili. Daga nan ana hango wata mai shayi a waje, Harisu na zaune a kan ɗaya daga kujerunta, ya ba mu baya. Inna ta zauna a karkace, yadda za ta ce sagiya take kallo.

Ta buɗe kwano, ta zaɓo cinyoyi biyu da ƙundu, abin da ya fi so, ta naɗe a takarda.

"Miƙa wa wancan ta shinge."

"Ba zan miƙa ba."

Ta dube ni. Ban taɓa ce mata a'a ba tun da na yi wayo.

"Ba kaza ya zo ci ba, Inna. Kaza shi ya saya. Kin tozarta shi a gaban 'yan iskan gari, sa'an nan ki ce in jefa masa cinya ta shinge kamar wancan birin?"

"Ki iya bakinki."

"Na gaji da iya shi. Gobe zai tafi Fau, kin sani. Kalma ɗaya aka tambaye ki. E kawai za ki ce, ko ki ɗaga kai."

 Ta aiki Asiya ta je ta kalli biri, sa'an nan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke ba ki san komai ba. Yana da kwana arba'in aka kama ni a ɗaki ina shinshina kansa. Matan unguwa suka mai da ni abin waƙa a bakin rijiya, mara kunya mai lasar ɗan fari. Uwata da ta haife ni ta yi wata ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce ƙasa mun baro ta, harshenmu ya gauraye, tuwonmu ya zama kisra, kunya kaɗai ta rage mana, ita ma in zubar da ita a titi? Tun ranar na ɗaure bakina. Abin da aka ɗaure shekara da shekaru, kina tsammani mai gadi ne zai kwance shi da sanda?"

"Matan rijiyar duk sun mutu, Inna. Shi yana da rai, ga shi can."

 Tausayinta ya kama ni, haushinta bai sake ni ba, na rasa wanda zan bi a ciki. Mai hoto ya zo da kyamararsa a wuya yana tallar hoton iyali, na kore shi da tsawar da ba shi ya jawo ta ba.

Asiya ta dawo ta dame ni da kukan sagiya. Na ja ta muka hau, don in na ƙara minti ɗaya a kan tabarmar nan zan faɗi abin da ba a gaya wa uwa. Ƙarfen ya yi ƙara ya ɗaga mu. Daga sama na ga Gadarif a shimfiɗe, kawunan bukkoki kamar an kife kwanduna, rumbunan dawa can nesa, baƙar ƙasa duk ta tsattsage. Asiya na ihu tana riƙe da wuyana. Na nemi kujerar mai shayi, na ga babu kowa a kai. Can gaba a kan hanyar kasuwa na hango farar jallabiya tana tafiya, ba sauri ba waiwaye. Da sagiya ta sake ɗaga mu na duba gindin dogon yaro, tabarma ce kawai da kwano. Inna ta miƙe, ta nufi ƙofa.

Na yi ta yi wa mai juya sagiya ihu ya tsayar, ya ƙi, sai da ya cika zagayensa. Muna sauka na ja Asiya da gudu, takalminta ɗaya a hannu.

Na iske Inna tsaye a gaban mai gadi. Ta sauke tob daga bakinta. Na ji da kunnena, ba wani ya ba ni labari ba.

"Waladi," ta ce. "Ɗana ne. Na farina ne. Harisu sunansa. Ka bar shi ya shigo."

Sunan ya fito daga bakinta wani iri, kamar ba ta san inda ake tsayawa a cikinsa ba. Mai gadi ya share gumi ya dube ta, bai ma tuna ta ba, mata nawa suka wuce ta gabansa tun ɗazu.

"Wanne, ya Hajja? Nuna shi."

Ta juya tana bin fuskokin da ke jikin shinge. Da ba ta gan shi ba sai ta ɗaga murya, matar da ko akuya ba ta kora da ƙarfi.

"Harisu!"

Samarin nan suka ga ƙofa ta samu. Wani mai jar riga ya ɗaga hannu. "Ga ni, yumma!" Wani ya ture shi. "Ƙarya yake, ni ne Harisu!" Kafin ka ce kwabo kusan goma sun taso suna dariya suna turereniya, kowa Harisu ne, kowa ɗanta ne. Mai gadi ya shiga kai musu sanda. Inna na tsaye a tsakiya tana duban wannan tana duban wancan, har yanzu nemansa take yi a cikinsu. Na kama hannunta na ce ya tafi tun ɗazu. Ta mai da tob ta rufe bakinta, har da hancinta wannan karon.

Ba mu jira magariba ba. Na koma na naɗe tabarma, kajin ba wanda ya taɓa sai Asiya. A cikin raksha ni kuwa wani farin ciki ne ya fara tsirga mini a ƙarƙashin baƙin cikin. Ta faɗa. Ko bai ji ba, ni na ji, kuma zan kai masa yadda na saba kai saƙo.

Bai kwana a gida ba, wurin Mudi ya kwana. Da hantsi ya shigo ɗaukar jakarsa, jallabiyar jiya ce a jikinsa duk ta yamutse. Na tare shi a bakin danga kafin ya ƙarasa ciki, na zayyana masa komai, yadda ta tashi ita kaɗai, abin da ta ce wa mai gadi, yadda ta ƙwala kira. Samarin ne kawai na ɓoye masa.

"Inna?" ya ce. "Ta ce Harisu?"

"Sau biyu. Na rantse da Allah."

Ya tsaya yana kallona, yana neman inda ƙaryar take. Da bai samu ba sai fuskarsa ta sake, na ga yaron da ban taɓa sani ba, tun da ni a bayansa aka haife ni. Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya shafa gemunsa, ya gyara wuyan jallabiya, ya nufi madafa, ina biye da shi.

Inna na zaune gaban murhu tana yin kisra, tana shafa ƙullu a kan ƙarfe tana ɗagowa. Ya tsuguna nesa kaɗan yadda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa wa murhu.

"Inna," ya ce, "an ce jiya kin koma bakin ƙofa."

Hannunta ya tsaya.

"An ce kin yi magana da mai gadi."

Ba abin da ya rage mata sai ta yi shiru. Shiru kawai, wallahi da ya wadatar, da ya karanta shi ya mai da jakarsa ɗaki. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya riƙe mata harshe. Amma ga shi tsugune a gabanta, ido da ido, yana tambayarta ko tana son sa, wannan kuwa ya fi mai gadi da samarinsa nauyi a wurinta.  Ta ɗebo ƙullu ta shafa.

"Ruwa na je tambaya inda ake sha," ta ce. "Wace magana zan yi da mai gadi? Ka san bakin ƙanwarka."

"Inna!" na ce. "Ki ji tsoron Allah!"

Ba ta ɗago ba. Harisu ya daɗe a tsugune, sa'an nan ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ce mata zai tafi, ta yi masa addu'ar hanya, doguwa kuwa, amma babu zauna a cikinta. Ya ce amin. Ya ɗaga Asiya sama ya dire ta, ya ɗauki jakarsa.

Na bi shi har titi ina kuka ina rantsuwa, na ce ya zo mu je wurin mai gadin, ya tambayi Asiya, ya tambayi mai shayi. Ya tsaya ya dafa kaina, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Na gode, Ummuhani," ya ce. "Kin yi ƙoƙari. Da ni ne a matsayinki, ni ma abin da zan ƙirƙira ke nan."

Ya zauna a Fau, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Bai taɓa fasa aike ba, kowace salla kuma yana zuwa ya tsuguna ya gaishe ta, har Allah ya karɓi abarsa. Ranar da aka dawo daga binne ta na sake ɗauko masa maganar, na ce yanzu dai ba ni da wanda zan gyara wa, ya yarda da ni. Ya yi murmushi, ya ce in bar wahalar da kaina, ya riga ya yafe mata tuntuni.